Piriz Baki Ne, Waya Ce Maƙogwaro

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau shirin zai leƙa madafi, sai dai ba tukunya ya zo dubawa ba. Bango ya zo dubawa, da wayar da ke bin bangon.

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Adar, a jihar Tawa, cikin watan Afrilu ya san darajar ƙanƙara. Tun kafin la'asar ta yi sanyi yara sun fara sintiri da kula da kwano, ƙofar gidan da ke da kwanjilater ta koma ƙaramar kasuwa: ƙanƙara a leda, bisaf, lamurje, ruwan sanyi. Matan aure da yawa da wannan sana'a suke yin biki da suna, da ita suke zubin adashi. Injin kuwa sau da yawa tsarabar ɗan bida ce, wanda ya ci rani a Abijan ko Legas ko Libiya ya dawo da abin da zai bar wa gida. Bayan kwanjilater sai butar lantarki ta biyo, sai injin markaɗe, sai rasho mai kai ɗaya saboda ranar da gas ya ƙare. Kafin a ankara kaya huɗu sun taru a madafi, alhali piriz, wanda maƙwabta na Najeriya ke kira soket, guda ɗaya ne tak a gidan, shi ma yana can ɗakin maigida a bayan talabijin.

Sai a nemo yaron gida mai ɗan wayo, wanda ya taɓa gyara tocila ko ya canza ƙwan fitila.

"Ɗan nan, zo ka jawo mini wuta madafi, ƙanƙarar mutane na jira."

"To, Inna. A ba ni kuɗin waya da ralonj, kafin magariba an gama."

Kuma ana gamawa kafin magariba. Farar waya siririya ta fito ta tagar maigida, ta hau ƙusa, ta ratsa tsakar gida kusa da igiyar shanya, ta nannaɗe a jikin azara, ta sauka bayan zana. Inda ba ta kai ba an murɗa mata wata, an naɗe da leda ko salatif. A ƙarshenta ralonj mai baki biyar na kwance a ƙasa, tsakanin randa da murhu. An kunna, inji ya yi gurnani, kowa ya ce madalla. Ba wani gida ɗaya ake nufi ba. Duk mai haɗa wutar da ya daɗe yana shiga gidajen mutane a jihar Tawa ya ga irin wannan har ya daina ƙirgawa.

Kuskuren yana cikin kalmar nan "ƙarawa". Ana ɗauka wanda ya ƙara piriz ya ƙara wuta. Manomin albasa na kwarin Tarka ba zai yi wannan kuskure da ruwa ba. Ya san in tiyo ɗaya ya taso daga bakin injin ban ruwa, ko fangali goma aka raba masa, abin da tiyon ke iya ɗauka shi ne dai zai iso. Piriz baki ne kawai, waya ce maƙogwaro. Amma akwai inda kwatancen ya tsaya, kuma nan haɗarin yake. Tiyo in an matsa masa ruwa ne ke raguwa, manomi ya gani da idonsa. Waya ba ta ƙin kaya. Duk abin da aka nema za ta yi ƙoƙarin kawowa, tana kawowa tana zafi, a cikin bango ko a bayan zana, inda ba mai gani.

Lissafin ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai iya. Wutar kamfanin NIGELEC bolt 220 ce. A jikin kowane kayan wuta akwai ɗan rubutu, a gindi ko a baya, da ke faɗin wat nawa yake ci. In aka raba wat ɗin da 220, abin da ya fito shi ne amper, wato nauyin da waya za ta ɗauka. Ƙwan fitila na zamani wat 10 ne ko ƙasa da haka. Fanka wajen 60. Talabijin bai cika wuce 100 ba. Da irin wannan lissafi aka ja wa yawancin gidaje wuta tun farko: ƙwai uku, fanka, rediyo, cajin salula, duka-duka ba su kai wat 300 ba. Butar lantarki guda ɗaya kuwa tana iya cin wat 2,000, daidai da ƙwai 200 a kunne lokaci guda. Rasho mai kai ɗaya 1,000 zuwa 1,500. Dutsen guga da ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti don dumama ruwa da sanyin hunturu, duk sahunsu ɗaya. Duk abin da aikinsa shi ne ya yi zafi, to mai cin wuta ne.

Abin mamaki, kwanjilater da ake yi wa kallon dodo ba shi ne babban mai ci ba. Wat 100 zuwa 250 sun ishe shi. Sai dai a lokacin tashi, cikin ƙiftawar ido, yakan fizgi ninkin-ba-ninkin abin da ya saba ci, shi ya sa fitila kan dushe ta dawo in ya tashi.

To a haɗa su. Buta amper 9, rasho amper 7, kwanjilater amper 1: amper 17 ke nan. Waccan siririyar waya, in ma ta kirki ce, kaurinta 0.75 ne, kuma amper 6 aka yi ta ta ɗauka. An ɗora mata kusan ninki uku. Zafin waya kuma ba ya tafiya daidai da nauyin da aka ɗora mata, gaba yake yi. In nauyi ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. In ya ninka uku, zafi ya ninka tara. Robar da aka yi wa waya riga da ita ba a yi ta don ta wuce digiri 70 ba. Da fari ta yi laushi, daga baya ta bushe ta tsattsage, ran nan sai silin biyu su haɗu, tartsatsi ya faɗa kan zanar da ta shekara tana shan rana.

Nisa ma na da nasa rabon. Madafin ƙasar Hausa ba a cikin ɗaki yake ba irin na Turawa, yana can kusurwar gida, mita 20 ko 25 daga inda kontar, wato na'urar ƙirga wuta, take. A kan wannan tazara, buta kaɗai na sa siririyar waya ta shanye sama da bolt 10 a hanya ta mai da su zafi. Wayar da masu sana'a ke kira biyu da rabi, a wuri guda, bolt 3 zuwa 4 kawai za ta ci. In dama wutar ta zo da rauni, kamar yadda takan yi wa gidajen ƙarshen layi da almuru, sai a ji kwanjilater yana yunƙuri ya kasa tashi, ya ce ƙat, ya huta, ya sake. Haka moto ke ƙonewa, a ce an yi wa sana'ar baki.

Sai kuma rana. Alƙaluman da ke cikin littattafan sana'a, masu cewa waya kaza na ɗaukar amper kaza, da lissafin iska mai digiri 30 aka yi su. A jihar Tawa, cikin Afrilu da Mayu, digiri 40 ba labari ba ne, wata rana har 45. A digiri 45 waya mai rigar roba ta rasa kashi ɗaya cikin biyar na abin da take iya ɗauka. A digiri 60, wanda ƙarƙashin rufin kwano kan iya kaiwa da tsakar rana, rabi ne ya rage mata. Wato lokacin da aka fi neman ƙanƙara shi ne lokacin da waya ta fi rauni.

Duk wannan in wayar ta jan ƙarfe ce ta gaskiya. Akwai wata a kasuwa da ake yi wa kallon kitse, ashe rogo ce: cikinta alminiyam ne, wato sanholo, an shafa masa jan ƙarfe a baya. Gane ta ba wuya. A feɗe rigar, a kankare silin da wuƙa, in fari ya bayyana to an gano ta. Naɗinta ma in an ɗaga ya fi na gaskiya sauƙi a hannu. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi yake iya wucewa, kuma yana saki a bakin sukuru. Amurkawa sun ɗanɗana: daga 1965 zuwa wajen 1973, da jan ƙarfe ya yi tsada, an yi wa gidaje da yawa waya da alminiyam, mahaɗai suka riƙa saki suna zafi, har aka bar wannan salo. Wata dabarar kuma ita ce riga mai kauri, sili ƴan kaɗan. Mai saye ya duba bakin wayar inda aka yanke, kada ya tsaya ga rubutun da ke jikin leda.

Mahaɗa ita ce lagon kowane aiki. Sau da yawa ba a tsakiyar waya wuta ke tashi ba, a inda aka murɗa biyu aka naɗe ne, ko a bayan piriz inda sukuru bai ɗauru ba. Haɗi na ƙwarai da domino ake yinsa, a cikin akwatin haɗi mai murfi, a inda za a iya buɗewa a duba.

To yaya aikin kirki yake? Ƙa'idar Faransa mai suna NF C 15-100, wadda da yawa daga masu sana'ar lantarki na ƙasashe masu amfani da Faransanci suka yi karatu a kanta, ta ware wa madafi layinsa daban. Ba daga piriz ɗin ɗakin maigida zai taso ba, balle daga wayar fitila. Daga tablo zai taso, wato allon rarraba wuta da ke bayan kontar, da waya biyu da rabi, da disjonkter nasa na amper 20, kuma piriz ba su wuce shida a kansa ba. Babban murhun lantarki kuwa waya shida yake so da disjonkter na amper 32, shi kaɗai. Mai sana'ar ƙanƙara da ta iya ja wa kwanjilater layinsa shi ma daban ta huta, domin in buta ta kayar da layin madafi cikin dare, kayan sayarwa ba za su narke ba. Launin waya ma ba ado ba ne: shuɗiya ita ce mai komawa, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa ce, mai ɗauke da wutar kuwa ja ce ko baƙa ko ruwan ƙasa. Wanda zai zo gyara bayan shekara goma da waɗannan launuka zai karanta aikin.

Maganar disjonkter na bukatar a ɗan tsaya, don a nan ake yin ɓarnar da ta fi kowace. Disjonkter ba buta yake gadi ba, waya yake gadi. In ya faɗi, cewa yake an ɗora wa wayar abin da ya fi ƙarfinta. Sai maigida ya gaji da tashi yana mayarwa, ya kira wani ya ce a sa masa babba, na 32 a gurbin na 16, ko a tsallake shi gaba ɗaya da guntuwar waya. Daga ranar wuta ba ta sake yankewa, maigida har ya yaba wa mai gyara. Kare ne ke haushi da dare aka ɗaure masa baki, ɓarawon kuwa yana nan. Yanzu wayar da ke cikin bango ita ce za ta yanke, kuma ita ba ta iya yankewa sai ta ƙone.

Kafin a sayi ko taƙi ɗaya na waya, a dubi faktir, wato takardar kuɗin wuta, ko a tambayi ofishin NIGELEC, a san ƙarfin da gidan ya ɗauka. Gidan da ya ɗauki kilowat 3, in an kunna buta da rasho tare an riga an kai wat 3,500, babban disjonkter zai faɗi ko da wayar zinariya aka yi aikin. Mafita biyu ce: a nemi kamfani ya ƙara ƙarfi, ko a riƙa kunnawa bi da bi. Ita kanta kontar da hatimin da ke jikinta na kamfani ne, ba hurumin mai gyaran unguwa ba. A Nijar, ƙasar da masu wutar lantarki kusan mutum ɗaya ne cikin biyar, ba abin mamaki ba ne a ga kontar ɗaya na ciyar da gida uku don zumunci. Sai dai a sani, butar maƙwabciya ma tana cikin lissafin.

Hanyar da waya za ta bi ta ratsa tsakar gida ita ce ta gaba. Wadda ke lilo a sama rana na cin rigarta, iskar farkon damina na wujijjiga ta, mai ɗauke da kara ko tabarya na iya sarƙe ta. Gara a binne ta, amma ba tsirara ba: kabul mai riga biyu, a cikin tiyo, a rami mai zurfin rabin mita ko fiye, a rufa da yashi, a shimfiɗa jar raga a sama kafin a mai da ƙasa, domin wanda zai zo haƙa wata rana ya ga ja ya dakata. A jikin bango kuma a miƙe take tafiya, ko tsaye ko kwance, ba a karkace ba, don mai kafa ƙusar rataye faifai ko matankaɗi ya iya hasashen inda take. Bangon ƙasa na shan ruwa da damina, gara na bin sa, ɓera na gwada haƙori a kan roba, akuya ma ba ta raina waya. Tiyo shi ne maganin su duka.

Shi kansa piriz ɗin madafi a ɗaga shi sama, inda ruwan wanke-wanke da hannun mai rarrafe ba sa kaiwa. Kada ya zauna a saman murhu, ko saman wurin wanke kwanuka, ko dab da tukunyar gas. Tunda yawancin madafai rabinsu a waje suke, mai murfi ake so, irin wanda ruwa da ƙurar hunturu ba sa shiga.

Yanzu sai wayar ƙasa, wadda aka fi yawan cirewa daga lissafi don ba a ganin aikinta. Fitila na kamawa ba tare da ita ba, kwanjilater na yin ƙanƙara ba tare da ita ba. Ranarta guda ce: ranar da waya mai wuta ta goge a cikin inji ta taɓa jikin ƙarfensa. In akwai wayar ƙasa, wutar ta bi ta ta sauka. In babu, sai ta zauna a jikin injin tana jiran wanda zai zama hanya. A madafi kuwa wanda zai zama hanyar sananne ne: mace ce mai jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi, a kan dandamalin da aka yayyafa wa ruwa. Matan da ke cewa injinsu "yana ɗan ja" har sun saba buɗe shi da tsumma, gargaɗi ne suke samu kullum.

A Adar wannan aiki ya fi wuya fiye da wurare da yawa. Wayar ƙasa tana ƙarewa ne a jikin sandar ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa, kuma amfanin sandar ya danganta da damshin da ta tarar. A fadamar Tarka ko kwarin Majiya, inda ruwa ke kusa, abin da sauƙi. A kan tudun Buza da duwatsun Keita kuwa labarin daban ne. Wannan faƙon da aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, ya sha fama da shi da injuna da hannun dubban mata kafin ya karɓi itace, shi ne dai sandar za ta shiga. Guntun ƙarfen da aka soka taƙi biyu a busasshen marmara sunan sanda kawai gare shi. Mai sana'a na gari zai nemi inda ke da laima a gidan, ya zurfafa, in ta kama ya kafa biyu ko uku ya haɗe su, sannan ya auna da na'ura. Ƙa'idar ta Faransa ta ce kada awon ya wuce om 100. Kuma da rani ya kamata a auna, domin sandar da ta ci jarrabawa a Agusta na iya faɗuwa a Afrilu.

Saboda haka ne ƙaramar na'urar nan da ake kira difaransiyel ta fi muhimmanci a nan fiye da inda aka ƙirƙiro ta. A tablo ake sa ta, a jikinta an rubuta 30 mA. Aikinta shi ne ta riƙa gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo. In wani ɗan abu ya ɓace a hanya, ko da kashi 30 cikin 1,000 na amper ɗaya ne, sai ta yanke kafin a ƙifta ido. Dalilin wannan adadi jikin ɗan Adam ne. Daga wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 1,000 na amper, hannu kan ƙanƙame ya kasa saki. In an haura 50, zuciya na iya rikicewa. Mai jiƙaƙƙen jiki a kan bolt 220 na iya ɗaukar sama da 200. Duk da haka wannan bai kai rubu'in amper ɗaya ba, disjonkter na amper 20 ko a jikinsa. Shi waya yake gadi, difaransiyel ita ke gadin mutum, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Akwai wata rigima da zama kusa da iyaka ya haifar. Piriz ɗin Nijar irin na Faransa ne, mai ramuka zagayayyu. Kayan da ke shigowa daga Najeriya ta Ƙonni ko Bangi kuwa kansu irin na Ingila ne, mai ƙafa uku masu kusurwa. Sai a yanke kan, a cusa sili tsirara a rami, a tokare da tsinken ashana. Ko a sayo ɗan adafta mai araha da ke lilo, yana tartsatsi, kuma ya bar ƙafar ƙasa a banza. Gyaran na minti goma ne: a sa wa kayan sabon kai mai kyau da ya dace da piriz ɗin gidan, da wayar ƙasarsa a ɗaure.

Ɗaukewar wuta ta ƙara dagula madafi. NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ya daɗe yana sayo mafi yawan wutarsa daga Najeriya. Babban layin wannan yanki daga Katsina yake shigowa, ta Gazawa da Maraɗi har Malbaza, inda aka ƙaddamar da tashar hasken rana mai megawat 7 a 2018. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar bisa takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba ta dawo ba sai a 2024. Mutane da yawa suka koma ga gurup, wato janareta, da farantan sola. Ba laifi, sai dai wasu kan haɗa gurup da gida ta hanyar waya mai kai biyu, su cusa ɗaya a piriz. Kan da ke hannu a lokacin tsirara yake kuma da wuta, sannan wutar gurup ɗin na iya komawa kan layin gari ta sami ma'aikacin da ya hau fal yana gyara da tabbacin an kashe. Makunnin sauya layi, wanda ba ya barin wutar biyu su haɗu, shi ne abin sawa. In an ɗauke wuta kuma a kashe rasho da dutsen guga nan take, kada a bari sai ta dawo ƙarfe uku na dare ta tarar da su a kunne. Kwanjilater a ba shi minti biyar bayan dawowar wuta kafin a mayar.

Kada a ce wannan matsalar talaka ce ko ta gidan zana. A ranar 14 ga Yuni 2017, a birnin Landan, gobarar dogon benen Grenfell da ta ci rayuka 72 daga firij ɗin wani madafi ta tashi a hawa na huɗu. Injinan sanyi na zamani da yawa gas ɗinsu mai kamawa da wuta ne, wanda ake rubuta wa R600a a baya. Don haka a bar musu tazara da bango su sha iska, a nisanta su da murhu, a kuma daina sassaƙar ƙanƙarar da ta daskare a ciki da wuƙa.

Waya kan yi magana kafin ta kama. Warin roba mai ƙonewa, ko wani ƙarni kamar na kifi a inda ba a soya kifi ba. Piriz da ya yi baƙi a baki, ko kan da ke ƙona hannu in an zare. Ƙarar cir-cir a bango. In ta riga ta kama, abu na farko a kashe daga tablo, sannan a zuba yashi ko ƙasa, ba ruwa ba muddin wutar na kunne. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar 18 ce. In kuma mutum wuta ta riƙe, kada a kama shi da hannu, a zama biyu. A kashe, in ba hali a ture shi ko a ture wayar da busasshiyar tabarya, mai turewar na tsaye a busasshen wuri. Nono ba ya cire wuta daga jiki, binne mutum cikin yashi ma haka. Likita za a kai shi ko da ya miƙe yana cewa lafiya lau, domin zuciya na iya rikicewa daga baya. In ba ya numfashi, a fara danna ƙirji tun kafin a nemo abin hawa.

Mai haɗa wuta na ƙwarai ana gane shi tun a zaure. Kafin ya faɗi kuɗi zai tambayi me da me za a kunna, zai ce a nuna masa tablo, zai auna nisa da ƙafarsa. Zai kashe wuta ya gwada da na'ura kafin ya taɓa waya. Wanda ya ce "Alhaji, kar ka damu, daga wannan ƙwan ma sai mu jawo," a ba shi ruwa ya sha, a yi masa godiya.

Akwai abu ɗaya da ya rage bayan an biya shi, kuma a Adar ba ƙarami ba ne. Da an gama girbi maza da yawa sun kama hanyar bida, ba su dawowa sai gab da shuka, wasu sai bayan shekaru. Watannin zafi, watannin ƙanƙara, uwargida da yara da tsofaffi ne a gida. Tablon da aka kafa can sama a ɗakin maigida, ɗakin kuma a kulle, mabuɗin na Abijan, ba shi da amfani ga kowa. A kafa shi inda hannun uwargida ke kaiwa ba sai ta taka turmi ba. A rubuta "madafi" a ƙarƙashin makunnin madafi, da boko ko da ajami, ko a ɗiga masa jan fenti. A rataye tocila a gefensa. A jikin difaransiyel akwai ɗan maɓalli mai harafin T. Mai gyara ya sa ta danna shi da hannunta a gabansa, ta ji ƙarar faɗuwarsa, ta mayar da kanta, ta kuma riƙa yin haka duk ranar da aka ga sabon wata.

(Kiɗan rufe shiri)